Kafin Dalluka Ta Huce

Assalamu alaikum. Sunana Ni'imatu, daga Dar Salam nake rubuto muku, can ƙarshen Omdurman inda kwalta take gajiya ta bar mu da yashi. Ban taɓa rubuta labari ba. Na daɗe ina karanta naku a waya, amma ko sharhi ban taɓa ajiyewa ba don kunya. Mu a nan Hausa a baki muke riƙe da ita, rabinta ma Larabci ya shige, don haka in kun ga na karkace ku yi mini uzuri.

Labarin na kakata ne, Gogo, da wani saurayi mai suna Walid, da wata murya da ta maƙale a cikin wayata.

Gogo mahaifiyar Babana ce. A gonakin audugar Jazira ta tashi, a can ta binne mijinta, kafin aikin gona ya gaza su tattaro su dawo birni. Duk 'yar da za a aurar a danginmu, ita ke yi mata waƙar lalle da dalluka. Dalluka 'yar ganga ce ta yumɓu da fatar akuya. Sai an gasa bakinta a garwashi fatar ke ɗamewa ta yi zaƙi. Tana hucewa sautinta yana sauka, Gogo kuma tana bin ta da murya ƙasa-ƙasa, har fatar ta saki ta ƙi magana. A nan ake tsayawa, a ja ƙofa, a mayar da ita kan wuta. Wannan tsakanin muke kira jiran wuta. A cikinsa Gogo ke lissafo sunayen iyayenmu mata tun daga ƙasar Hausa har zuwa kan amarya, da murya kamar raɗa. Namiji ba ya jin wannan. Ko Baba, da ta haifa, a waje yake zama ya ji dalluka ta yi shiru, ya ji ta dawo.

Ranar lallen yayata Hafiza, Gogo ta dube ni ina rakuɓe a lungu da wayata.

"Ke mai littafi, zo ki ajiye abin nan naki a gindin ƙafata."

Na ajiye, na danna ɗauka. Kahraba, wutar lantarki, ta ɗauke tun la'asar, janaretan maƙwabcinmu Nagoggo da aka aro yana ta ruri a bayan taga. Ban kawo komai a raina ba.

Damina ba ta zagayo ba ɓarin jikin Gogo na dama ya shanye. Harshenta ya yi nauyi. Yanzu tana kwance a kan angarib ɗinta, gadon igiya, a ƙarƙashin rumfa, cikin farin tob ɗinta, zanen lulluɓi, da Umma ke wanke mata da shuɗi. Idanunta suna magana, bakin ya ƙi. Babu wadda ta haddace sunayen nan duka, kowa ta dogara Gogo na nan. Abin da ya rage mana shi ne ɗaukar da ke wayata, ita kuma in ka kunna ta janareta kake fara ji, sai dalluka, sai Gogo can nesa kamar daga cikin rijiya. Wurin jiran wuta kuwa ruri ne zalla.

Walid ɗan unguwar Alshajara ne, gyaran wayoyin mota yake yi a wani gareji a Mantiƙa Sinaiya. A bayan garejin yana da wani ɗan ɗaki da ya manna wa kwalayen ƙwai a bango, da tsohuwar kwamfuta, inda yake ɗaukar masu waƙar biki ran Juma'a. A shagon hoton takardu da nake aiki muka haɗu. Ya zo nemana gida kamar yadda ya dace, Baba ya amsa sallamarsa, ya sha shayi da shi, da ya tafi ya ce:

"Yaron na da ladabi. Amma makaɗi ne."

"Baba, makanike ne."

"Makanike da rana. Ran Juma'a fa?"

Baba bai taɓa tilasta wa 'yarsa kowa ba, amma in ya ce a'a, a'arsa tana zama kamar tulu a gindinsa. Ni dama shiru na iya.

Da na ba Walid labarin ɗaukar, sai ga saƙonsa:

"Turo min ya Ni'ima. Zan wanke ta tas. Baba zai ji uwarsa kamar tana gabansa, wallahi zai sauko."

Na tura masa. Ya daɗe a kanta, yana turo min hoton fuskar kwamfuta da layuka kamar tsaunuka. Ran da ya gama ya zo da farar jallabiya da rawani da bai iya naɗawa ba, da 'yar sifika a leda. Muka zauna a tsakar gida bayan la'asar, Umma ta kawo jabana, gahawarmu, tana tururi, ƙamshin citta ya cika wurin. Aka juyo da angarib ɗin Gogo. Ya danna.

Janareta ya tafi, gaskiya ne. Murya ta fito fes. Amma daga farko har ƙarshe a wuri ɗaya ta tsaya, ba sauka ba hawa, dalluka kuma tana bugawa daidai-daidai kamar agogo. Ba ta huce ba. Waƙar ta wuce kai tsaye babu tsayawa ko ɗaya.

Gogo ta juya fuskarta bango.

Baba ya ajiye finjalinsa a hankali.

"Wace ce wannan?"

"Gogo ce, Baba," in ji Walid. "Na gyara inda muryar ta ɗan sauka ne, manhajar ta nuna..."

"Ta nuna uwata ta yi kuskure?"

"A'a, wallahi ba haka..."

"Ina wurin da take yin shiru? Tun ina yaro nake zama a bakin ƙofa ina jiran wurin nan. Ina ka kai shi?"

Walid ya sunkuyar da kai. Manhajar ce ta ga wurin babu waƙa sai ƙara, ta yanke shi, shi kuma bai san akwai wani abu a ciki ba. Laifina ne da ban gaya masa ba, don ba a saba gaya wa maza ba.

"Ka ji, yaro," Baba ya ce. "Ka ɗauki tsohuwa ka goge ta kamar gilashin mota. In ka dawo da muryarta yadda Allah ya yi ta, da saukarta da shirunta, ba ni zan saurara ba, uwar yarinyar nan za ta saurara ta gaya min. Ranar ka turo magabatanka. In ba haka ba, Allah ya ba ka wata."

Da magariba ina murza kisra, burodinmu mai shara-shara, a kan tanda, Umma ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Babanki ya san abin da ya yi. Ta yaya zai gyara jiran wuta bai saurara ba? In kuwa ya saurara, ni da kaina zan ce a'a."

Kisrar ta ƙone a hannuna.

Masu karatu, ban san ko kun taɓa son mutum saboda yadda ya karɓi kunya ba. Washegari saƙonsa ya shigo:

"Na goge ɗaukar da ke wurina. Asalin yana wayarki, ban kai wurin ba, kuma ba zan kai ba. Ki zo da Hafiza. Ke za ki yi, ni zan nuna miki maɓallai kawai."

"Ni? Ban san komai ba."

"Kin iya karatu. Ni da ka nake yi, shi ya sa na yi ɓarna."

Haka muka fara tafiya duk Juma'a. Raksha mai ƙafa uku zuwa kasuwar Suk Libya, hafila, motar bas, ta tsallake gada da mu, mu sauka mu taka cikin baƙin mai da ƙarafa, abayata tana kwasar ƙura. Hafiza da cikinta ya fara fitowa tana mita duk hanya.

"Wasu samarinsu na kai su bakin Nilu shan lemo, ni an kawo ni gadin soyayya cikin tayoyi."

Manhajoji uku ne a kwamfutarsa, Hafiza ce ta raɗa musu suna don ta gaji da jin sunayensu na Turanci. Ta farko Mai Shara. Ita ce ta fi iya kashe ƙara, danna ɗaya janareta ya mutu. Sai dai ba ta san bambancin datti da kayan ɗaki ba. Na gwada ta a farkon waƙar, ta share janareta, ta haɗa da gindin sautin dalluka da tafin mata, guɗar Umma ma ta mayar da ita kamar kukan sauro. Duk abin da ya yi ƙasa da murya, a wurinta shara ne.

Ta biyu Malama. Kyakkyawa, komai a jere, launuka kamar shagon atamfa. Ita ce ta miƙe muryar Gogo. Tana da tsani na sautuka da aka kafa mata, duk muryar da ta faɗa tsakanin matakai sai ta ja ta zuwa mafi kusa. Na nemi inda zan gaya mata cewa tsanin namu shi kansa sauka yake yi yayin da fata ke hucewa, babu. Ko dai ka kashe gyaran gaba ɗaya ka zauna da janareta, ko ka bar ta ta yi maka tarbiyya.

Ta uku Hafiza ta kira ta Sadaka, don kyauta ake sauke ta. Wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗa ta a lokacin hutunsu. Fuskarta ba kyau, toka-toka, tana yawan tsayawa sai an sake kunna ta. Amma ba ta taɓa komai sai ka ce ta taɓa. Ba ta yanke shiru, ba ta miƙe murya. Rauninta ɗaya: in ka ce ta rage ƙara, ƙarar da ba ta canzawa kawai ta sani. Janaretan Nagoggo kuwa tari yake yi, yana hawa yana sauka, kuma gindin rurinsa da na dalluka a wuri ɗaya suke zaune.

"To Sadaka za mu aura," in ji Hafiza. "Mummuna ce amma tana jin magana."

Walid ya nuna min wani shafi inda masu amfani da ita ke rubuta koke, masu haɗa ta suna amsawa. Ya ce shi bai taɓa rubutawa ba, Turancinsa na sunayen kayan mota ne. Na zauna da Turancina na makaranta, na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ga abin da na tura, in na mayar muku da shi Hausa:

"Ina gaishe ku. Ni ba mawaƙiya ba ce. Ina da muryar kakata da ba ta iya magana yanzu, injin wuta ya danne ta. Na gwada manhajoji biyu da suka fi taku kyau, ɗaya ta share gangarta, ɗaya ta miƙe muryarta. Taku ba ta yi mata rashin kunya ba, shi ya sa na zo wurinku. Ina roƙon ku ba mu hanyar da za mu nuna wa manhajar cewa wannan sautin ƙara ne ko da yana canzawa, wancan kuma namu ne, kada a taɓa shi. Gangarmu ta yumɓu ce, sautinta yana sauka in ta huce, mai waƙa kuma tana bin ta. Ba kuskure ba ne. Kuma don Allah kada ku taɓa sa abin yanke shiru ya yi aiki da kansa. A wurinmu abin da ya fi komai yana cikin shirun."

Na danna, na rufe fuskata da mayafi.

Amsoshin farko ba daɗi. Wani ya ce in sake ɗauka a ɗaki mai kyau. Wani ya ce in karanta littafin bayani. Na daina dubawa. Sai wata safiya ina shago, saƙo ya shigo daga ɗaya daga cikin masu haɗa ta, mace, ta sa hannu da Layla. Ta ce marigayiya kakarta ma tana gasa ganga a wuta kafin ta buga, ta gane abin da nake nufi. Ta ce in turo mata ɗaukar ta gwada.

Na rubuta mata: "Ba zan iya ba. Wurin shirun ba ya fita daga ɗakinmu."

Na ɗauka shi ke nan. Kafin azahar ta amso:

"To kada ki turo ta. Turo min injin shi kaɗai, da gangar ita kaɗai tun tana da zafi har ta huce. Zan koya wa manhajar ta san su, ke ki yi sauran."

Nagoggo ya kusa faɗuwa don dariya da muka je masa da waya.

"Duk unguwar nan zagin injin nan ake yi, yau ga 'yan boko sun zo ɗaukar muryarsa! In ya yi suna ku tuna da ni."

Ya ja igiya, ya tashi da tarinsa. Dalluka kuwa Umma ce ta ciro ta daga ƙarƙashin angarib, ta goge ƙura, ta gasa, ta buga har ta saki. Ba ta tambaye ni dalili ba. Gogo tana kallonmu, yatsun hannunta mai lafiya suna motsi a kan tob.

Sai da Layla ta turo gwaji ya lalace, ta sake turo wani ya cinye tafi, sannan na uku ya zo da 'yan akwatuna biyu a gefe. Ɗaya na abin da za a cire, ɗaya na abin da za a kiyaye.

Juma'ar nan zafi kamar a soya ƙwai a kan bonet. Walid ya loda komai, ya ciro samma'a, abin saƙalawa a kunne, ya goge da gefen rigarsa ya miƙo min. Bai bari yatsunmu sun haɗu ba.

"Ni na fita. In kin ji ƙarar guduma, ni ne, don ki tabbata ba na ji."

"Ka buga da kyau," Hafiza ta ce. "In na ji ka tsaya zan leƙo."

Ya ja ƙofa. Guduma ta fara. Hafiza ta zauna a kan jarka tana fifita da kwali. Na danna.

Janareta ya ja baya kamar an rufe masa taga. Dalluka ta fito da zaƙinta, ta fara sauka, Gogo tana biye da ita, da 'yar tsagewar nan ta maƙogwaronta da numfashinta. Ita ce. Har fatar ta saki. Na ji an ja ƙofa, na ji garwashi yana ƙara, na ji ƙarar awarwaron Umma tana fifita wuta.

Sannan raɗa. Sunayen suka zo ɗaya bayan ɗaya, da garuruwan da aka binne kowacce a hanya. Ba zan rubuta su ba, akwai maza a cikinku. Ta kai kan Hafiza, ta yi mata addu'a. Mata suka juya wajen wuta suna gardamar ko fatar ta yi. A nan na ji tob ya motsa, muryar ta matso kusa da wayar har numfashinta yana bugun kunnena.

"Ni'imatu. Na san abin nan naki yana ji. Wannan naki ne ke kaɗai, kada kunnen kowa ya ji shi, ko uwarki. Jikina ya gaya min ba zan kai lallenki ba. Ranar kada a kunna ni a waya kamar rediyo. Ki haddace. Ki gasa dalluka da hannunki, ki faɗa da bakinki. Ke ce mai shiru, mai shiru ke riƙewa."

Ta ƙara wasu maganganu, su ma nawa ne.

Na cire samma'a, mayafina ya jiƙe. Hafiza ta miƙe.

"Ta fito?"

Na gyaɗa kai.

"Alhamdulillah! To ba ni in ji."

"Ba zan iya ba."

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Guduma ta tsaya, Walid ya yi magana daga bayan ƙofa.

"Ya Ni'ima, mun samu?"

Me zan ce masa? Muryar ta dawo yadda Allah ya yi ta, sharaɗin Baba ya cika a cikin kwamfutar nan. Amma Baba ya ce sai Umma ta saurara, Gogo kuma ta ce ko Umma. In na yanke wurin kafin in kai, na yi abin da Malama da Mai Shara suka yi, Umma kuwa ta san tsawon jiran wutar ranar, ita ta fifita garwashin. Ni da ko gaisuwar baƙi sai na yi gumi, ni aka bar wa waƙar lalle.

"Mun samu," na ce. "Amma ba zan kai ta gida a waya ba."

Ya ce, "Tamam. Yadda kika gani." Bai tambayi dalili ba, wannan ne ya fi karya min zuciya.

Na rubuta wa Layla cewa ya yi, Allah ya jiƙan kakarta. Daga nan duk hanyar shago da dawowa samma'a na kunnena, leɓuna suna motsi, har masu hafila suka fara ɗauka lazimi nake yi.

Jiya da la'asar na hura garwashi a ƙarƙashin rumfa. Na durƙusa na jawo dalluka daga ƙarƙashin angarib. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Hafiza ta zo, don na kira ta. Baba ya shigo daga kasuwa da warin albasa a rigarsa, ya ga wuta, ya ga gangar a cinyata.

"An ce min makaɗin naki ya gama. Ina muryar?"

Na kifa bakin dalluka a kan garwashi, ina juya ta yadda na ga ana yi. Fatar ta fara ɗamewa a ƙarƙashin tafina. Sai na ji hannun Gogo, mai lafiyar, ya sauko ya kama gwiwata ya matse.

"Tana nan, Baba," na ce. "Ka fita waje ka ja mana ƙofa."

Ya daɗe yana kallon uwarsa. Ita ma tana kallonsa, ba ta ƙifta ba. Ya juya, ya ɗauki kujerarsa ta ƙarfe, ya fita. Muka ji ƙofar langa-langa ta rufu, muka ji ya zauna a bayanta.

Na ɗaga dalluka daga wuta, na buga sau ɗaya. Ta amsa.